Ruwan Shan Dabbobi a Lokacin Hunturu: Kada Mu Bari Komi Ya Bushe

Da zarar an gama kai amfanin gona gida, iska kuma ta juyo daga arewa maso gabas, hankalin mai kiwo yakan koma kan abinci. A ɗora harawa kan rumfa, a ɗaure kara, a nemi dusa da ƙowar wake. Wannan daidai ne. Amma akwai abu guda da ba a cika yi masa tanadi ba, shi ne ruwa. Mutane da yawa suna ɗauka cewa tun da gari da sanyi, dabba ba ta jin ƙishirwa. Wannan tunani yana jawo asara kowace shekara a ƙauyukanmu na Anka da Bukkuyum da Gummi: nono ya ragu, bijimin noma ya rame tun kafin bazara, ragon turka ya kwanta. A wannan fitowa za mu duba abin da hunturu ke yi wa ruwa, da abin da kowane gida zai iya yi da kayan da ke hannunsa.

Yadda abin yake a ƙasashen sanyi

Ruwa yana daskarewa ne idan ma'aunin zafi ya sauka zuwa digiri 0. A ƙasashe irin su Kanada da Rasha da arewacin Amurka, sanyi yakan wuce haka na watanni. Makiyayi yakan fito da safe ya tarar ruwan komi ya zama ƙanƙara, sai ya sa gatari ya fasa kafin shanu su sha. A ƙasar Mongoliya, mugun sanyin da suke kira zud ya kashe dabbobi fiye da miliyan 7 a hunturun 2023 zuwa 2024, domin ƙanƙara ta rufe ciyawa da mashaya.

Makiyayan can suna da dabarunsu. Suna binne bututun ruwa can ƙasa inda sanyi ba ya kaiwa. Suna rufe saman komi su bar ƙaramar kafa ta sha. Suna kewaye shi da ciyawa ko tsohuwar taya, su kafa shinge ta inda iska ke bugowa. Masu hali suna sa na'urar lantarki mai ɗumama ruwa. Kuma kullum sai sun je sun duba da idonsu.

A ƙasarmu ruwa ba ya daskarewa. Ko a tsakiyar Disamba da Janairu, sanyin asuba yakan tsaya ne wajen digiri 15, wani lokaci ƙasa da haka kaɗan, da rana kuma ya haura 30. Duk da haka ƙarshen abin ɗaya ne: dabba ta zo mashaya ta koma ba ta sha abin da ya ishe ta ba. Su ƙanƙara ke hana su. Mu kuwa iska ce da ƙura da sanyin safiya da ƙafewar tafki. Shi ya sa dabarunsu huɗu suna da amfani a gare mu: a rufe, a binne, a kare daga iska, a duba kullum.

Me ya sa dabba ke bukatar ruwa sosai da hunturu?

Da damina, ɗanyar ciyawa kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari ruwa ce. Akuya na iya wuni tana kiwo ba ta nemi komi ba, domin tana ci tana sha a lokaci guda. Harawa da kara da dusa kuwa ruwan da ke cikinsu bai fi kashi 10 zuwa 15 ba. Tumbin saniya kamar tukunya yake: sai busasshen abinci ya jiƙa sannan ya narke. Kowane kilo ɗaya na busasshen abinci yana bukatar ruwa lita 3 zuwa 5. Idan ruwan ya gaza, dabba takan rage cin abinci da kanta, ko da harawa tana gabanta. Mai ita sai ya ce ba ta da lafiya, ya kashe kuɗi a kan allura, alhali ƙishirwa ce.

Ban da haka, iskar hunturu busasshiya ce. Yadda take fasa mana leɓe da dunduniya, haka take zuƙe ruwa daga jikin dabba ta numfashi da fata. Uwa mai shayarwa ta fi kowa shan wahala, domin nono kusan kashi 87 cikin ɗari ruwa ne.

Ga kimanin abin da dabba ke sha a rana ɗaya a wannan lokaci:

• Saniya ko bijimin noma: lita 25 zuwa 30. Mai shayarwa ta fi haka, da bazara kuma yana iya kaiwa 40.
• Jaki: lita 15 zuwa 20.
• Tunkiya ko akuya: lita 3 zuwa 5.
• Kaji 20: kimanin lita 5.

Mu ɗauki gida mai shanun noma 2, da jaki 1, da awaki 6, da kaji 20. Shanu lita 60, jaki 15, awaki 24, kaji 5. Jimla lita 104 ke nan, wato jarka huɗu masu lita 25 da ɗan ƙari, kowace rana. Kowane maigida ya zauna da iyalinsa su yi irin wannan lissafi, sannan su tambayi kansu ko abin da ake zubawa ya kai.

Alamun ƙishirwa

Kada a jira sai dabba ta faɗi. A ja fatar wuyanta da yatsu biyu a saki. Idan ta koma nan take, lafiya lau. Idan ta tsaya a tattare, jikin ya bushe. A duba ko idanu sun faɗa, ko hancin saniya ya bushe, ko kashi ya yi tauri fiye da kullum, ko fitsari ya zama kaɗan kuma ja.

Akwai ciwo biyu da rashin ruwa ke kawowa da hunturu. Na farko shi ne cushewar ciki: busasshen kara ya dunƙule ya ƙi wucewa. Jaki yakan riƙa birgima yana duban cikinsa. Na biyu shi ne tsakuwar mafitsara. Ta fi kama raguna da taure da ake turkewa domin Kirsimeti ko kasuwar Babbar Sallah, waɗanda ake ɗura wa dusa da yawa ana ba su ruwa kaɗan. Za a ga rago yana nishi, yana yunƙurin fitsari sai ɗigo, yana harbin cikinsa. Wannan ba abin jira ba ne, domin mafitsara na iya fashewa cikin kwana ɗaya ko biyu. A nemo malamin dabbobi a ranar.

Ɗan maraƙi ko ɗan akuya mai zawo kuwa, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari kamar yadda ake yi wa yara: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan kafin a sami mai dubawa.

Sanyin safiya

Ruwan da ya kwana a buɗe cikin rabin duro ko daro yakan yi sanyi ƙarara kafin asuba. Dabba takan sa baki ta ɗaga. Idan daga nan aka kora ta kiwo, ta tafi da ƙishirwarta ke nan har yamma. Maganin wannan ba ya cin ko kwabo:

• A ba su ruwan rijiya da aka jawo yanzu. Duk mun san ruwan rijiya da ɗumi yake fitowa da safe, domin ƙasa tana riƙe zafinta. Dalilin da ya sa mutanen ƙasashen sanyi ke binne bututunsu ke nan.
• Idan ruwan kwana ne, a jira hantsi ya fito, ko a ajiye shi cikin baƙar jarka ko baƙin baho inda rana ke fara faɗowa.
• Kada a ba kaji da 'yan awaki ruwan randa da asuba. Randa tana sanyaya ruwa ne ta hanyar tsattsafowa, iskar hunturu kuma tana ƙara mata ƙarfi. A bar ta sai bazara.
• A shayar sau biyu a rana, da hantsi da kuma la'asar. Masu shayarwa da na turka, a bar ruwa gabansu duk yini.
• A ajiye musu kanwa ko gishirin lasa, domin yana sa su sha. Amma kada a taɓa ba da gishiri inda babu ruwa a kusa, yin haka yana iya kashe dabba.

Dabbar da ta daɗe ba ta sha ba, kada a sake ta ta cika ciki gaba ɗaya. A ba ta kaɗan, a dakata, a ƙara.

Kula da komi a gida

A kafa zana ko darni ta arewa da gabas, inda iska ke fitowa. A rufe duron ajiya da murfi ko faifai ko buhu mai tsabta. Idan da hali, a binne rabin komi cikin ƙasa, ko a tara masa ƙasa a gefe. Hakan yana hana ruwan yin sanyi da dare, ya hana shi yin zafi da rana, awaki kuma ba za su kifar da shi ba. A wanke komi aƙalla sau biyu a mako, da toka ko yashi. Akuya dabba ce mai ƙyama: idan kashi ko ƙura sun faɗa, ta gwammace ta kwana da ƙishirwa.

Kaskon kaji kullum ake wanke shi. Hunturu ne lokacin da annobar kaji ta fi yaɗuwa, kuma kasko ɗaya yana iya raba ta ga dukan kajin gida. Kazar da aka sayo daga kasuwa, da dabbar da ke tari ko majina ko zawo, a ware musu mazubinsu dabam har mako biyu.

Kada a shayar da dabba cikin jarka ko duron da ya taɓa ɗaukar maganin feshi ko baƙin mai, komai wankin da aka yi masa.

Tafki da gulbi da rijiya

A watan Agusta na 2024 ambaliya ta ci gidaje masu yawa a garin Gummi. Gulbin Zamfara da ke tumbatsa haka da damina, shi ne ke janyewa da rani har ya bar yashi a wurare da dama. A wajen Anka da wasu sassan Bukkuyum dutse ne a ƙarƙashin ƙasa, don haka rijiyoyi da yawa ba sa riƙe ruwa har ƙarshen rani. Ruwan da Allah ya ba mu a wata huɗu, shi za mu lallaɓa har wata takwas.

Da hunturu, iska da rana kaɗai suna iya rage tafki santimita 20 a wata guda, wato kimanin taƙi ɗaya, ko da ba wanda ya ɗiba. Ta sama ruwa ke tashi, saboda haka faɗin tafki ne ke jawo asara. Mu kwatanta kududdufi biyu masu cin ruwa daidai. Na farko tsawonsa mita 10, faɗinsa 10, zurfinsa 1. Na biyu tsawonsa mita 10, faɗinsa 5, zurfinsa 2. A wata guda na farko zai rasa lita 20,000, wato duro 100. Na biyu zai rasa duro 50. Saboda haka idan za a yi gayyar yashe tafki a watan Maris ko Afrilu, a ƙara masa zurfi, kada a ƙara faɗi. Ƙasar da aka kwashe a tara ta gefen da iska ke fitowa. Tafki mai zurfi kuma dole a kewaye shi da ƙaya saboda yara.

Shingen ƙaya yana da wani amfanin. Idan shanu suna shiga tafki, suna dama laka, suna kashi da fitsari a ciki, ruwan da zai kai Fabrairu sai ya lalace tun Disamba. A bakin irin wannan ruwa ne ƙananan dodon koɗi ke zama, su ne ke ɗauke da tsutsar hanta, wadda mahauta ke gani idan sun yanka. A nan kuma matsattsaku ke shiga hancin dabba. Gara a ɗibi ruwa da bokiti a zuba a komi a waje. Idan ruwan tafki ya yi kore shar kamar an zuba fenti, yana kuma wari, a hana dabbobi sha, domin irin wannan gansakuka tana iya zama guba.

Ruwan da ke ƙarƙashin yashin gulbi ya fi na sarari daɗewa, domin iska ba ta kai masa idan ya wuce zurfin kamu ɗaya da rabi. Ramin da aka tona a yashi, a sa masa duron da aka fasa gindinsa don kada ya rufta, a kuma rufe shi bayan an ɗiba. A yankunan Machakos da Kitui na ƙasar Kenya, ƙauyuka suna gina ƙaramar katangar siminti a tsakiyar korama don ta tare yashi, yashin kuma ya riƙe musu ruwa har rani ya fita.

A bakin rijiya ko famfon tuƙa-tuƙa, a gina komi taku 15 ko fiye daga bakin, ta gangare, don kada ƙazantar dabbobi ta koma cikin ruwan da mutane ke sha. Ruwan da ke zubewa a gindin famfo, a yi masa magudana zuwa komi, amma banda ruwan wanki.

Ruwan da ya fi ƙishirwa haɗari

Mu mutanen wannan yanki ba mu manta da 2010 ba. A shekarar ce aka gano gubar dalma a Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, da Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Bagega a Anka. Yara aƙalla 400 suka rasu. Dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, ana wankewa a kududdufai, shi ke ɗauke da dalmar. Tun kafin a gane abin da ke kashe yara, agwagi sun fara mutuwa a ƙauyukan, ba wanda ya ɗauki hakan a matsayin gargaɗi. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka bakwai a 2010 da 2011, aka yi na Bagega a 2013, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma ta yi shekaru tana jinyar dubban yara. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage hanin a Disamba 2024.

Dalma ba ta ruɓewa. Tana kwanciya cikin lakar gindin kududdufi shekara da shekaru. Da hunturu, idan ruwa ya ja baya, wannan lakar ce dabbobi ke damawa su sha. Tafasa ruwa ba ya cire ta, alam ma ba abin dogaro ba ne. Don haka:

• Kada a shayar da dabba a inda ake wanke ƙasar zinariya, ko inda aka taɓa wankewa, ko ramin haƙa da ruwa ya taru a ciki.
• Kada a zuba ruwa ko dusa cikin daro ko buhun da aka yi aikin zinariya da shi.
• A kawar da tsofaffin baturan mota da na sola daga inda dabbobi ke kaiwa. Shanu suna son lasar su.
• Saniyar da ta makance ba zato, tana dalala, tana cizon haƙora, tana tangaɗi ko dafa kai a bango, a zargi dalma.
• Kada a ci naman irin wannan dabba, musamman hanta da ƙoda, kada kuma a ba yara nononta. A sanar da malamin dabbobi da mai unguwa, a kai yaran gidan asibiti a duba su.

Idan agwagi ko kaji suka fara mutuwa a bakin wani ruwa, a ɗauka ƙararrawa ce aka kaɗa mana.

Aikin gari ne

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk mun san halin da ake ciki na satar shanu da 'yan bindiga. Yaron da ya kora dabbobi mashaya mai nisa yana cikin haɗari, shi da su. Kowace jarka da aka tanada kusa da gida ta rage wannan tafiya. Yawancin ɗiban ruwan nan kuwa mata da yara ke yin sa. Inda akwai amalanke ko kura, gidaje uku ko huɗu su haɗu su riƙa jigila bi da bi.

A bakin mashaya ne kuma rigima ke yawan tashi, tsakanin mai lambu da mai garke. Tun kafin ruwa ya yi ƙaranci, dattawan ikilisiya su zauna da mai gari da limamai da ardo, a amince a kan hanyar da dabbobi za su bi, da lokacin shan kowa, da wanda zai tara kuɗin gyaran famfo. Mun karanta cewa ko a zamanin Yakubu da dutse ake rufe bakin rijiya, makiyaya kuma sukan jira juna kafin a buɗe. Kwamitin ruwa ya kasance da mata a ciki, domin su suka fi sanin ranar da rijiya ta fara ja da baya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da aka gyara a Nuwamba shi zai fitar da bijimi da ƙarfinsa ranar da ruwan shuka ya sauka.

Tambayoyi domin tattaunawa

Bayan sujada, ko a taron zumuntar mata da na matasa, a karanta wannan shafi ga waɗanda ba su iya karatu ba, sannan a tattauna:

1. Lita nawa dabbobin gidanmu ke bukata a rana, nawa kuma muke ba su?
2. A wane wata tafkinmu da rijiyoyinmu suka ƙafe bara? Ina muka koma?
3. Akwai kududdufi ko rami a ƙasarmu da aka taɓa wanke zinariya a ciki? Yaran da ke kiwo sun san shi?
4. Waɗanne gwauraye da tsofaffi ne ke da dabbobi amma ba su da mai ɗebo musu ruwa? Wa zai ɗauki nauyinsu?
5. Wace rana za mu sa domin gayyar shinge da yashe tafki, su wa kuma za mu gayyata daga maƙwabtanmu?